Tagogin Gilashi Masu Launi Na Majami'ar Chartres

Jawabin yau ya shafi wasu tagogi da ke birnin Chartres na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 80 kudu maso yamma da Faris. A shekarar 1194 gobara ta cinye mafi yawan tsohuwar majami'ar birnin. Mutane suka tashi tsaye suka sake gini, daga baya kuwa aka cika bangayen da tagogi fiye da 170. Yawancinsu suna nan har yau.

Launin yana cikin jikin gilashin ne tun daga narkarwa. Masu sana'ar kan zuba sinadarin kobalt su sami shuɗi, su zuba jan ƙarfe su sami ja. Sa'an nan a yayyanka gilashin, a zana fuskoki da tufafi da baƙin fenti, a gasa, a harhaɗa da siraran sandunan dalma.

Kowane hoto da abin da yake nufi ga Kiristocin zamanin. A bangon yamma akwai taga wadda ta tsira daga gobarar, inda aka nuna Yesse, mahaifin Dauda, yana kwance, itace ya tsiro daga jikinsa, sarakuna suna zaune bisa rassa, sa'an nan Maryamu, can ƙoli kuma Yesu Almasihu. Watau salsala ce aka mayar da ita itace. A ɓangaren kudu kuwa an zana manyan annabawa huɗu, kowanne ya ɗauki marubucin Linjila ɗaya a kafaɗa: Ishaya da Matiyu, Irmiya da Luka, Ezekiyel da Yohanna, Daniyel da Markus. Abin nufi shi ne na baya ya dogara da na gaba, ya kuma hango abin da ke nesa saboda tudun da ya samu. Da wuya a sami bayanin dangantakar Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari da ya fi wannan taƙaitawa.

Wata tagar kuma ta haɗa labarin Basamariyen nan mai tausayi da labarin Adamu da Hauwa'u. Ba kuskure ba ne. Malaman lokacin sun fassara matafiyin da 'yan fashi suka raunata da cewa ɗan Adam ne bayan an fitar da shi daga Aljanna, wanda ya ɗauke shi kuwa Almasihu ne. Wanda bai san wannan fassara ba sai ya ga labaru biyu barkatai. Har ila yau, a gindin tagogi da dama ana ganin mahauta, da masu gasa burodi, da dukawa, da masassaƙa, kowa bisa aikinsa, abin da ya sa masana tarihin sana'o'i ke yawan zuwa dubawa.

To, gilashi abu ne mai rauni. A 1914 aka yi wa majami'ar Reims ruwan harsasai, tagoginta da yawa suka tarwatse. Saboda haka a 1918 aka ciccire tagogin Chartres aka ɓoye, aka sake yin haka a 1939, ba a mayar da su ba sai da yaƙi ya ƙare. Tun 1862 hukuma ta sa ginin cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ke kiyayewa, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin kayan gadon duniya.

Bayan yaƙi sai raɓa da gurɓatacciyar iska, waɗanda ke cin fuskar gilashin sannu a hankali har hoton ya dushe. Maganin da ake yi shi ne a sauke tagar a wanke ta a hankali, a kafa wani gilashi mara launi ta waje don ya tare ruwa da iska, sa'an nan a mayar da tsohon daga ciki, a bar 'yar tazara tsakaninsu domin iska ta riƙa ratsawa.