Hannun da Ya Shanye Yana Iya Sake Koyo

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na kasuwannin Adjamé da Treichville:

Ku dubi mai sayar da garba: yana gutsura kifi, yana yanka albasa, yana ba da canji, duk yana hira. Ranar da ya fara sana'ar, ko sallama ba ya iya amsawa don kada wuƙa ta yanke shi. A 1967 masana biyu na Amurka, Fitts da Posner, suka bayyana yadda hakan ke faruwa. Mai koyo yakan fara da tunani a kan kowane motsi, kurakurai su riƙa raguwa, har aikin ya zame masa jiki. A farkon nan, hankali da tunawa su ke ɗaukar kaya mafi nauyi.

Shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kan gaba wajen jawo ta, takan mayar da dattijo wannan matakin farko. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, in a ɓangaren hagu ne hannun dama ya saki. Amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, kuma maimaita motsi ne ke buɗe su. An fi samun ci gaba a watanni 3 na farko, ko da yake ƙofa ba ta rufewa bayan nan.

A nan ne tausayinmu yakan yi ɓarna. Mu ba Baba abinci a baki, mu sa masa riga, 'yan dubiya su cika ɗaki, rediyo na ta magana. Mutumin da ke tattara dukan hankalinsa don ya ɗaga kofi, ina zai kai wannan hayaniyar? A rage surutu. A ba shi umarni ɗaya, a jira. A zaɓi aikin da ya sani: jan carbi, ƙirga tsabar kuɗi, ɗaukar cokali. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi dogon zama guda, kuma a bar shi ya yi barci, domin barci na taimakawa abin da aka koya ya zauna. In ya manta abin da aka nuna masa jiya, ba taurin kai ba ne, ciwon ne. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa.

Masu niyyar mayar da majinyaci Maraɗi ko Kano, ku fara ganin likitan gashin jiki, wanda ake kira kine, ya nuna wa mai jinya motsin da hannunsa, ku kuma tafi da maganin hawan jini. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko magana ta sarƙe masa, ko hannu ya saki, a kai shi asibiti nan take. Babban asibitin CHU na Treichville yana kusa da mu.