Jawabin akawun ƙungiya: Mu taka ƙafa mu zaga Birni da Zango



An ba mu ƴan mintoci, kuma a kan lafiyar jikinmu za mu yi magana. Duk mun san yadda sana'armu take. Daga Damagaram zuwa Kano, ta Matamaye ko ta Magarya, zaune muke cikin mota. A bakin iyaka zaune muke muna jiran takardun duwan. Mun dawo rumfa, nan ma zama ne, ga shayi mai sukari, ga babur ko da nan da can za mu. Mu da ke riƙe da littafin taimakon ƙungiya muna ganin dalilan da ake kawowa, kuma hawan jini da ciwon suga da ciwon baya ba baƙi ba ne a cikinsa. In ɗan kasuwa ya kwanta, jarinsa ne ke tafiya wajen magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5. Tafiya da ɗan sauri ta isa, ba sai an sayi komai ba. Shawararmu ita ce mu yi tafiyar tare, cikin tsofaffin unguwannin garinmu, inda ido zai samu abin kallo har ƙafa ta manta da gajiya.

Mu fara da Birni, daga ƙofar fada. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar garin, a zamaninsa kuma Damagaram ta zama babbar mahaɗar ayari. A lungunan Birni mu ɗaga kai mu dubi zankwaye da zanen da magina suka yi a fuskar zaure. Da tubali aka yi ginin, aka rufe da azara, aka shafe da makuba don ruwa kada ya ci bango. Kaurin bangon shi ya sa ɗaki ke da sanyi ko a bazara. Hanyar kuma tana hawa da sauka tsakanin manyan duwatsu, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum gumi. A nan ne Baturen nan Barth ya sauka a ƙarshen 1852, ya yi kusan wata ɗaya yana jiran kuɗi da guzuri. Ashe jiran saƙo a hanya ba a kanmu aka fara ba.

Wata safiyar sai mu nufi Zango, wadda ita ce unguwarmu ta asali. Nan fatake da Buzaye ke sauke raƙuma, da gishirin Bilma da dabino, ana ɗaukar fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Nan attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa, harkarsa ta kai har bakin teku. Ribar fatauci ce ta gina manyan gidajen da ke wurin, kuma masu su da ƙafa da raƙumi suka yi tafiyar da muke yi yau da mota. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa kafin Turawan Faransa su mayar da shi Yamai a 1926.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata mu jinkirta ba. A daminar 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150. Gidajen ƙasa da yawa suna faɗuwa, wasu ana rushe su a sa siminti. Abin da ba mu je mun gani ba, ba za mu iya nuna wa ƴaƴanmu ba, balle mu taimaka a gyara.

Ga yadda muke ganin za a yi. Mu haɗu bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi da kuma kafin buɗe rumfa. Kowa ya zo da takalmi mai daɗin tafiya da gorar ruwa. Hajiyoyi su yi nasu rukuni, su zaɓi ranarsu. Gidajen nan da mutane a ciki, don haka a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. Mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani ya fara ganin likita. Wanda jiran lodi ya riƙe a Kano kuma, ga Kasuwar Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala, ya zaga maimakon kwanciya a tasha.

Mai son shiga ya ba da sunansa a ofis bayan taro. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya kiyaye hanya.