Afirka da Siyasar Wasannin Commonwealth: Daga Hamilton Zuwa Abuja

 

An nemi in yi magana a kan wasanni da siyasa. Na zaɓi gasar Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila, wato Commonwealth, domin a cikinta ne ƙasashenmu suka fi nuna ƙarfi, a cikinta kuma aka fi ganin iyakar ƙarfin nasu. Abin da zan kafa hujja a kai ɗaya ne. Afirka ta yi tasiri a wannan gasa ta hanyar ƙin zuwa, kuma ta ci riba da hakan. Amma har yau ba ta taɓa zama mai masauki ba, kuma dalilin da ya sa haka ya fi dacewa mu neme shi a gida.

An fara gasar a 1930 a birnin Hamilton na Kanada, bisa ƙoƙarin wani ɗan jarida mai suna Bobby Robinson. Ƙasashe 11 suka halarta, da 'yan wasa kusan 400. Sunanta a lokacin Wasannin Daular Birtaniya, kuma manufarta ba ɓoyayya ba ce: a tara 'ya'yan daula duk bayan shekara huɗu, a nuna wa duniya cewa kansu haɗe yake a ƙarƙashin sarki ɗaya. Sai dai tun a karo na biyu batun launin fata ya kunno kai. Johannesburg aka ba wa gasar 1934, amma aka mayar da ita Landan saboda damuwa kan yadda Afirka ta Kudu za ta karɓi 'yan wasa baƙaƙe da na Asiya. Saboda haka duk wanda ya ce 'yan Afirka ne suka shigo da siyasa cikin waɗannan wasanni, bai karanta tarihinsu ba. Da siyasa aka haife su.

Najeriya ta fara halarta a 1950 a Auckland, tana ƙarƙashin Turawa, inda Joshua Majekodunmi ya samo lambar azurfa a tsallen sama. Bayan shekara huɗu, a Vancouver, wani matashi mai suna Emmanuel Ifeajuna ya tsallake mita 2.03 ya ɗauki zinare. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a babbar gasa irin wannan. Hotonsa ya hau bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta, jaridu suka ɗauke shi a matsayin shaida cewa ƙasar da ke neman 'yanci tana da 'ya'yan da za su iya tsayawa da kowa.

Na san wannan suna yana da nauyi a zukatan mutanen Arewa, kuma ba zan tsallake shi ba. Ifeajuna ya shiga soja ya kai muƙamin manjo, kuma shi ne ya jagoranci ɓangaren Legas na juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda a cikinsa aka ɗauke Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, daga baya aka tsinci gawarsa. Kwanaki kaɗan kafin wannan dare, Tafawa Ɓalewa ya shugabanci taron shugabannin Commonwealth a Legas kan rikicin Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Shi kuwa Ifeajuna, gwamnatin Biyafara ce ta harbe shi a Inugu a watan Satumban 1967. Mutumin da ya fara ɗaga sunan ƙasar a filin wasan Commonwealth da mutumin da ya fara ba ta murya a teburin shugabanninta, ga yadda ƙaddara ta haɗa su. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Murya kuwa Tafawa Ɓalewa ya ba ta. A taron Landan na Maris 1961 yana cikin shugabannin da suka ƙi amincewa Afirka ta Kudu ta ci gaba da zama a ƙungiyar alhali tana mulkin wariyar launin fata, har Firayim Ministanta Verwoerd ya janye takardar neman zama. Gasar Cardiff ta 1958 ta zama ta ƙarshe da ƙasar ta halarta, sai bayan shekara 36. Amma fitarta bai kashe maganar ba, domin Ingila da New Zealand da Ostireliya sun ci gaba da buga kurket da zari-ruga da tawagogin Turawa zalla na Afirka ta Kudu. Ga Turawan can, musamman 'yan Afrikana, zari-ruga abin alfahari ne na ƙabila, kuma duk tawagar da ta zo musu wasa tamkar ta sa hannu ne a kan tsarinsu.

A nan ne ƙasashen Afirka suka gano makaminsu. A 1966 suka kafa Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka a Bamako, wadda daga baya ɗan Najeriya Abraham Ordia ya shugabanta, Jean-Claude Ganga na Kwango kuma yake sakatare. Lissafinsu mai sauƙi ne. Ba su da kuɗin da za su yi wa Birtaniya barazana, ba su da jiragen yaƙi. Abin da suke da shi shi ne kujerunsu. Gasar da ke tutiyar cewa ta haɗa fari da baƙi, idan baƙaƙe suka zauna a gida, ta koma taron Turawa, kuma kowa zai gani a talabijin. Biki ne da armashinsa yake hannun 'yan gayya.

An gwada makamin a 1970. Tawagar kurket ta Afirka ta Kudu za ta zo Ingila, sai ƙasashen Afirka da na Asiya da na Karibiyan suka ce muddin ta zo, ba za a gan su a gasar Edinburgh ba. Gwamnatin Birtaniya ta Harold Wilson ta matsa wa hukumar kurket, aka soke ziyarar a watan Mayu, kowa ya halarci gasar. A 1976 abin ya fi zafi. Tawagar zari-ruga ta New Zealand ta tafi Afirka ta Kudu 'yan kwanaki bayan kisan ɗaliban Soweto, sai ƙasashen Afirka fiye da 20 suka fice daga Olamfik na Montreal. Tsoron kada irin haka ta sami gasar Commonwealth ta gaba ya sa shugabanni suka ƙulla Yarjejeniyar Gleneagles a 1977, inda kowace gwamnati ta yi alkawarin hana hulɗar wasa da Afirka ta Kudu iyakar iyawarta. Gwamnatin Janar Obasanjo ba ta gamsu da yadda New Zealand ke cika alkawarin ba, don haka Najeriya ta ƙaurace wa gasar Edmonton ta 1978.

Ƙololuwar lamarin ita ce 1986. Ƙungiyar ta tura kwamitin dattawa zuwa Afirka ta Kudu ƙarƙashin Obasanjo da tsohon Firayim Ministan Ostireliya Malcolm Fraser. Sun gana da Nelson Mandela a kurkuku. Ranar 19 ga Mayu, suna cikin ƙasar, sojojin gwamnatin wariya suka kai hari Botswana da Zambiya da Zimbabuwe. Kwamitin ya tattara nasa ya nasa, ya ba da shawarar a ƙaƙaba takunkumin tattalin arziki. Firayim Ministar Birtaniya Margaret Thatcher ta yi kememe. Najeriya, a zamanin Janar Babangida, tana kan gaba wajen sanar da janyewa daga gasar Edinburgh, Ghana da Kenya da Indiya da Jamaika suka bi. Cikin ƙasashe da yankuna 59 da suka cancanci zuwa, 32 ba su je ba. Gasar ta ƙare da bashi a wuyan masu shiryawa, kuma a taron da aka yi a Landan cikin watan Agusta, sauran shugabanni shida suka amince da takunkumi suka bar Birtaniya ita kaɗai.

Kada a fahimce ni cewa ƙaurace wa wasa ne ya rusa mulkin wariya. Jinin mutanen Afirka ta Kudu ne ya rusa shi, da yajin aiki, da matsin tattalin arziki. Aikin da wasanni suka yi shi ne sun kai maganar cikin falon talakan Ingila da na New Zealand wanda bai damu da muhawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Kada kuma mu manta da waɗanda suka biya kuɗin. Filbert Bayi na Tanzaniya ya kafa tarihin duniya a gudun mita 1,500 a Christchurch a 1974, ya doke John Walker na New Zealand. Duniya ta zuba ido ta ga karawarsu a Montreal. Bayi bai je ba, Walker ya ɗauki zinaren. Shugaba yana yanke hukunci da alƙalami cikin minti ɗaya, amma ƙuruciyar ɗan wasa ba ta dawowa.

Sai kuma reshe ya juye da mujiya. Afirka ta Kudu ta dawo gasar a 1994 a Victoria ta Kanada. Shekara guda bayan haka, ranar 10 ga Nuwamban 1995, gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, daidai lokacin da shugabannin Commonwealth ke taro a Auckland. Aka dakatar da Najeriya, Mandela na cikin masu matsawa, babban sakataren ƙungiyar kuma ɗan Najeriya ne, Emeka Anyaoku. Haka aka yi gasar Kuala Lumpur ta 1998 babu mu, sai da mulki ya koma hannun farar hula a Mayun 1999 aka buɗe ƙofa. Ƙasar da ta koya wa ƙungiyar cewa filin wasa wurin hukunta gwamnati ne, ita ma an auna ta da wannan mudun.

Yanzu mu zo ga batun masauki. Jamaika ta karɓi gasar a 1966, Malesiya a 1998, Indiya a 2010. Afirka, wadda ta fi kowace nahiya yawan mambobi a ƙungiyar, har da Kamaru da Mozambik da Ruwanda da Gabon da Togo da suka shigo daga baya, ba ta taɓa karɓa ba. Abuja ta nemi gasar 2014, a ƙuri'ar da aka kaɗa a Colombo a 2007 Glasgow ta samu 47, Abuja 24. An ba Durban ta Afirka ta Kudu gasar 2022, amma a Maris 2017 aka karɓe saboda ta kasa cika sharuɗɗan kuɗi da na shiri, aka miƙa wa Birmingham. Abuja ta sake neman gasar cika shekara 100 ta 2030, aka ba Ahmedabad ta Indiya.

Da sauƙi mu ce son kai ne na Turawa. Amma Durban an ba ta, ita ta kasa riƙewa. Kuma babban filin wasa na Legas da ya karɓi Wasannin Afirka na 1973, da na Abuja da aka gina domin na 2003, duk mun ga shekarun da suka yi suna lalacewa don rashin kula. Masu jefa ƙuri'a suna zuwa su duba da idonsu.

Ita kanta gasar tana cikin wani hali. A Yulin 2023 jihar Victoria ta Ostireliya ta janye daga karɓar ta 2026, tana cewa kuɗin ya tashi daga dalar Ostireliya biliyan 2.6 zuwa sama da biliyan 6. Glasgow ta karɓa bisa sharaɗin a rage wasannin zuwa 10, a yi amfani da filayen da ke akwai. Wannan ragi dama ce a gare mu, domin ya sauko da gasar zuwa inda ƙasa mai matsakaicin ƙarfi za ta iya ɗauka ba tare da cin bashi ba.

Shawarata uku ce. Na farko, kafin a sake kashe kuɗi wajen neman masauki, a gyara filayen da muke da su, a ware kuɗin kula da su duk shekara, a bayyana wa jama'a lissafin. Na biyu, a farfaɗo da gasar makarantu, musamman a Arewa, inda yaran da suka tashi da kokawa da dambe da langa ba su da hanyar da za ta kai su tawagar ƙasa, alhali kokawa da dambe suna cikin wasannin da Najeriya ta fi samun lambobi. Na uku, ku ɗaliban tarihi, ku nemi tsofaffin 'yan wasan da aka hana shiga gasa a 1976 da 1978 da 1986 ku naɗi labarinsu tun suna raye, domin su ma suna cikin waɗanda suka yi wa Afirka ta Kudu hidima.