Taura Biyu a Magudana Ɗaya: Ruwan Sha da Dakon Kaya

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Rafin Guza, Kaduna



 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan wata shawara da ake yawan tayarwa, wato a haƙa manyan magudanan ruwa waɗanda za su yi aiki biyu: su kai ruwa inda ake ƙishirwarsa, su kuma zama hanyar jiragen dakon kaya. Maganar tana da daɗin ji, amma ina so mu auna ta da abin da ya riga ya faru a ƙasar nan.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan shawarwari shi ne shirin Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na ƙasar Italiya ya fito da shi shekaru fiye da 40 da suka wuce. Nufinsa a tare ruwan wasu rassan kogin Kongo, a koro shi ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, ya ratsa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya faɗa kogin Shari, daga nan sai Tafkin Chadi. Dalilin shirin a bayyane yake. Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa bayan farin shekarun 1970 da 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. A watan Fabrairun 2018 taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja ya goyi bayan shirin, aka kuma ƙiyasta zai ci dala biliyan 50. Sai dai masu ruwan, wato mutanen Kongo, da yawansu sun ce ba su yarda ba.

To, jama'a, ina gizo ke saƙar? Jirgin kaya yana bukatar ruwa mai zurfi ya tsaya a magudana rani da damina. Mai sha da mai noman rani kuwa ɗibar ruwan suke yi, kuma sun fi ɗiba a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da ruwan ya fi ƙaranci. Ga rana tana shanye nata rabo, ƙasa tana tsotse nata, ga man jirage da sharar garuruwa suna gurɓata abin da ya rage. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Muna da darasi a gida. A shekarun 1970 aka haƙa magudanai a yankin Marte ta jihar Borno domin noman rani na fiye da hekta 60,000 da ruwan Tafkin Chadi. Ba a jima da buɗe aikin ba tafkin ya ja baya, ya bar magudanan a bushe. Haka kuma a 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, kuma a watan Janairun 2019 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro. Shekaru suka biyo baya tashar tana zaman jiran jirage, domin babu ingantacciyar hanyar mota zuwa gare ta, yashi kuma ba ya daina komawa kogi. Idan kogin da Allah ya haƙa mana ya gagare mu kulawa, yaya za mu yi da wanda za mu haƙa da hannunmu?

Amma kada a ce ba a taɓa cin nasara ba. Madatsar Gurara da ke nan jiharmu tana aika ruwa zuwa madatsar Usuma ta Abuja ta bututu mai tsawon kilomita 75. Aiki ɗaya aka ba bututun, ruwan yana rufe, rana ba ta shansa, datti ba ya shigarsa.

Mu a Rafin Guza kogin Kaduna yana bayan gidajenmu, matatar ruwa ta Malali ba ta da nisa da mu, duk da haka gidaje da yawa 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suka dogara da su. Wannan ya nuna ba kullum rashin ruwa ne matsala ba. Sau da yawa bututun cikin unguwa ne, da wutar da za ta tura ruwan, da kuɗin gyara.

Saboda haka, ku da kuke ma'aikatun gwamnati da majalisu da gidajen jarida, duk ranar da aka kawo muku irin wannan shiri, ku yi tambaya uku. Ruwan na wane ne, kuma ya yarda? In rani ya tsananta, wa za a fara ba, jirgi ko famfo? Bayan an yanke kyalle an watse, wa zai riƙa biyan kuɗin yashewa kowace shekara? In ba a amsa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.