Gwaggo ce matsalar, ko kuɗin cefane?



Yau da gwaggota zan fara. Shekara ashirin tana matse man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, amma jarinta bai taɓa wuce buhu ɗaya ba. Maƙwabcinta da ya fara da tebur a ƙofar gida yanzu shagonsa biyu. Na daɗe ina cewa ai don shi ya gama sakandare ne, ita ko firamare ba ta ƙarasa ba. Yanzu kam ina tantama.

Kar ku ji ni ba daidai ba, karatu yana da rana. Wanda ke rubuta bashi a littafi ba ɗaya yake da mai riƙewa a ka ba, kuma shi ne zai iya cike takardar banki ko ta rajistar CAC ba tare da ya nemi wani ba.

To amma ku ji abin da aka gwada a Gana. A Accra da Tema, masu bincike sun ba masu ƙananan sana'o'i tallafin sidi 150. Wasu an damƙa musu tsabar kuɗi, wasu an sayo musu kayan sana'a. Matan da suka karɓi kuɗi a hannu, ribarsu kusan ba ta motsa ba. Waɗanda aka ba kaya, tasu ta ƙaru, musamman masu sana'ar da dama ta ɗan kafu.

Da na karanta, wallahi gwaggo na tuna. Ribarta ba ta kwana. Yau maigida bai bar na cefane ba, gobe yaro ba lafiya, jibi biki da gudummawa. Wa zai ce a'a? Shi ya sa take zubin adashe, ɓoye kuɗin take yi daga hannun kowa, har da nata. Shi kuwa maƙwabcin, kuɗin shago suna shago, yana fita Dawanau ya saro da kansa. Ita aike take yi, farashin da aka faɗa mata shi ke nan.

A Lome ta Togo kuma, wani bincike da aka fitar a 2017 ya raba 'yan kasuwa 1,500. Waɗanda aka koya wa neman mafita da kansu ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, waɗanda aka yi wa darasin kasuwanci na al'ada kashi 11.

Na sayo wa gwaggo littafi da ƙaramin akwati mai kwaɗo, jikarta ke rubuta mata. Buhu na biyu muke hari kafin azumi. Zan faɗa muku yadda ta kaya.