AMSOSHIN WASIƘUNKU: "Babu Netwok", To Ina Kuɗin Suka Shiga?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai fataucin hatsi a garin Gwiwa ta jihar Jigawa, wanda ya ce yakan ci kasuwannin Kazaure da Roni, wani lokaci har Babura. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa: "Sau da yawa in na je wurin mai POS zan biya manomi kuɗin gero ko riɗi, sai ya ce mini babu netwok, alhali ga wayata cike da sabis. Kwanan baya ma an cire mini kuɗin buhu uku, takarda ta fito ta ce ba a biya ba, manomi kuma ya hana ni kaya. Shin wane ne wannan netwok, kuma ina kuɗina suka shiga?"

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah ya mayar da alheri. Tambayar taka ce, amma amsar ta kowa ce, don haka manoma da 'yan kasuwa sai a gyara zama.

Da farko dai ya kamata ka sani, kuɗin da kake da su a banki ba a ɗaure suke cikin wani akwati mai sunanka ba. Rubutu ne a cikin littafi. A da littafin na takarda ne, akawu ke rubutawa da alƙalami a reshen da ka buɗe asusu. Yanzu kuwa littafin yana cikin wata babbar kwamfuta, shi ake kira rumbun bayanai. Ita kuma kwamfutar da ke riƙe da shi, masana na ce mata uwar garke, ma'aikatan banki kuma su ce saba. Yawancin bankunan ƙasar nan a Legas rumbunansu suke, watau fiye da kilomita 1,000 daga Gwiwa. Duk lokacin da ka sa kati a na'ura, aike ka yi zuwa can, kana tambaya a duba littafi a gani ko kana da kuɗin, in akwai a rage a ba wane.

To shi wannan ɗan aike, kamar fataken da ne, zango-zango yake tafiya. Zangon farko, daga na'urar mai POS zuwa turken sadarwa mafi kusa. Na biyu, daga turke ya bi igiyoyin da aka binne a ƙasa har zuwa kamfanin da ya ba da na'urar. Na uku, ya isa wurin dillalan saƙo da ke tsakanin bankuna, irin su NIBSS, wanda aka kafa a 1993 kuma mallakar Babban Bankin Nijeriya ne da sauran bankuna, ko Interswitch da aka kafa a 2002. Na huɗu, ya isa ƙofar bankinka, inda manhajar banki za ta karɓe shi. Na biyar, ita manhajar ta shiga rumbu ta duba littafi. Sa'an nan amsa ta juyo ta bi duk waɗannan zanguna ta dawo Gwiwa, duka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ka ga ke nan, sandunan sabis da kake gani a wayarka labarin zangon farko kawai suke ba ka. Ba su san abin da ke faruwa a sauran huɗun ba. Shi kuma mai POS, ko'ina ɗan aike ya maƙale, kalma ɗaya gare shi, babu netwok. Ba lallai ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ke nan.

Yanzu bari ka ji yadda injiniyoyin banki ke neman inda cuta take, in manhaja ta kasa isa ga rumbu. Ba sa farawa da abu mai wuya. Daga kusa suke farawa su nufi nesa, kamar mai neman tunkiyarsa da zai fara leƙa garke kafin ya shiga daji.

Sukan fara duba wuta da igiya: kwamfutar a kunne take? Janareta ya tashi? Sa'an nan su yi wa uwar garke sallama, watau su aika mata ɗan gajeren saƙo su ga ko za ta amsa. In ba ta amsa ba, matsalar hanya ce. In ta amsa, sai su duba adireshi, don wani lokaci an sauya wa rumbu mazauni amma manhaja tana ta aike tsohon gida. Daga nan sai ƙofa. Kowane irin rumbu da lambar ƙofar da ya saba sauraro, alal misali na kamfanin Oracle 1521 ne, SQL Server na kamfanin Microsoft kuma 1433. A bakin ƙofar nan akwai katangar tsaro mai aikin maigadi, in an yi kuskure wajen ba ta umarni, sai ta tare ɗan gida kamar ɓarawo.

In ƙofa a buɗe take, sai su duba shaida. Ita ma manhajar banki tana da suna da lambar sirrinta da take shiga rumbu da su, kamar yadda kake da taka. In wa'adin lambar ya ƙare ko an canza ta ba a sanar ba, rumbu zai ce bai san ta ba. Bayan wannan sai cunkoso, wanda shi ya fi addabar 'yan kasuwa. Rumbu yana da iyakar masu shiga lokaci guda. Ɗauki misalin rijiyar burtsatse mai famfo huɗu, ga masu jarka ɗari biyu. Ruwa na nan, famfo lafiya lau, amma na bayan layi zai gaji ya tafi. Haka ɗan aikenka, daƙiƙoƙi kaɗan aka yarje masa ya jira, in suka cika sai ya juyo hannu rabbana. Daga ƙarshe sai su duba rumbun kansa, ko ma'ajiyarsa ta cika ba wurin sabon rubutu, ko kuwa wani aiki ya riƙe shafi ya hana saura taɓawa. Duk wannan bincike kuwa, akwai littafin da kwamfuta ke rubuta abin da ya faru da lokacinsa, shi ne madogararsu. Kuma ƙa'idarsu ita ce, a taɓa abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na biyu.

Irin waɗannan matsaloli ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka yi dafifi kan tiransifa da POS, saƙonni suka yi ta maƙalewa. Wannan cunkoso ke nan. Ran 14 ga watan Maris na 2024, manyan igiyoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, bankuna da dama a Nijeriya suka shiga wahala. Wannan matsalar hanya ce. Har ila yau a cikin 2024 ɗin, wasu bankuna kamar Sterling da Zenith da GTBank sun sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, masu hulɗa da su suka yi kwanaki suna fama. Wannan kuma ƙaura ce daga tsohon rumbu zuwa sabo.

To kai da kake tsaye a kasuwa, yaya za ka gane zangon da aka tsaya? Dubi takardar da na'ura ta fitar. Akan buga wata lamba mai harafi biyu, in ba ka iya karanta boko ba ka sa yaro ya duba maka. Lamba 00 na nufin an biya. Lamba 51, kuɗin asusunka ba su kai ba. Lamba 55, ka yi kuskuren lambar sirri. Lamba 54, wa'adin katinka ya ƙare. Lamba 61, ka wuce iyakar abin da aka yarje maka cirewa. Waɗannan huɗu na baya duk suna nuna ɗan aike ya je ya dawo lafiya, gyaran a wajenka yake. Amma lamba 91 na nufin ba a sami bankinka ko dillalin tsakiya ba, lamba 96 kuma na'urorinsu ne suka rikice. In ka ga 91, yawanci ko ka koma wurin wani mai POS da katin nan labarin ɗaya ne, sai dai ka gwada katin wani banki in kana da shi. In kuwa takarda ba ta fito ba sam, kuma katin kowa ba ya tafiya a wannan na'ura, to laifin na kusa ne, sai a nemi wata na'ura ko wani layi.

Saura babbar tambayarka, ina kuɗin suka shiga? A cikin rumbu ɗaya, doka ce ko dai a rubuta ragi da ƙari tare, ko a fasa duka. Amma kai bankinka daban, na mai POS daban, littafi biyu ke nan a gida biyu. Ɗan aike ya isa bankinka, an rage kuɗin, an ce masa je ka ce an biya. A hanyar dawowa sai ya makara, na'ura ta gaji da jira ta buga cewa ba a biya ba. Kuɗin nan ba su shiga aljihun mai POS ba, ba su kuma ɓata ba. Suna rataye ne a tsakani, har a aika saƙon mayarwa ko bankunan su daidaita littattafansu. A shekarar 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'ida cewa in ATM na bankinka ne ya riƙe maka kuɗi a mayar nan take, in ya faskara kada ya wuce awa 24. In na wani banki ne, awa 48. In kuwa POS ne, a warware cikin awa 72.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Na ɗaya, in an ce ba a biya ba, kada ka yi ta maimaitawa. Duba abin da ya rage a asusunka tukuna, don gaggawa kan sa a cire wa mutum sau uku. Na biyu, karɓi takardar nan ko da ta ce ba a biya ba, ka adana ta inda rana da gumi ba za su goge ta ba, ko ka ɗauki hotonta da waya, domin rubutunta ba ya daɗewa. A jikinta akwai kwanan wata da lokaci, da lambar na'ura, da wata lamba mai harafi 12 da aka rubuta RRN a gabanta. In tiransifa ce tsakanin bankuna biyu, akwai doguwar lambar shaida mai harafi 30. Da waɗannan ne ma'aikacin banki zai bi sawun kuɗinka. Ka je ba tare da su ba, kamar ka je cigiyar akuya ne ba ka san launinta ba.

Na uku, in kwana uku sun wuce ba a mayar ba, bankinka za ka nufa, ba mai POS za ka kama da faɗa ba. Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka nemi su ba ka lambar ƙorafin. In mako biyu sun cika ba su warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a Dutse da kuma Kano.

Na huɗu, ku manoma masu sayarwa, shi manomin da ya hana Alhaji kaya bai yi laifi ba. Kada ka saki buhu don an nuna maka hoton rasit a waya, ko don wani saƙo ya shigo, saboda akwai masu ƙirƙirar alat na bogi. Duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun ƙaru. In abu ya maƙale, ku kira sarkin kasuwa ko dillali ya zama shaida, a ajiye kayan a hannun amana har gaskiya ta bayyana, ba sai zumunci ya ɓaci ba.

Na biyar, wannan lokaci na ruɗani shi macuta ke jira, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya bugo maka waya ya ce daga banki yake zai maido maka da kuɗi, amma ka faɗa masa lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne. Banki ba ya tambayar waɗannan. Kuma in za ka ci kasuwa da kuɗi masu nauyi, ka tanadi hanya biyu, watau asusu a bankuna biyu daban, da 'yar tsaba a hannu ta kafin alƙalami.

Wannan bayani kuwa bai tsaya ga banki kaɗai ba. In ka je rajistar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN aka ce saba ba ta aiki, zancen ɗaya ne, kwamfutar ofis ce ta kasa isa rumbun hukumar NIMC. Sai ka tambaya da ladabi, shin a nan ofishin ne kawai ko ko'ina ne, don ka san ko za ka jira ko ka koma gona ka dawo wata rana, kada ka yi asarar yini da kuɗin mota.

To Alhaji, da fatan ka gamsu. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba manomanmu damina mai albarka. Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, tambaya rabin ilimi ce. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.