Layi Ɗaya, Baki Ɗaya



Yau kan layin waya za mu yi magana. Dattawa sun tuna tarhon kamfanin Sonitel, wanda ke zaune bisa tebur da igiyarsa. Irin wannan layi, kira ɗaya yake ɗauka. Kira ɗaya tak. In kana magana, mai nemanka sai ya jira.

To, ku duba kamfanin da ke zaunar da ma'aikata suna kiran jama'a tun safe. Wasu na talla, wasu na tunin bashi. In aka zuba su duka a layuka guda, me zai faru? Masu talla su cinye layukan, mai kuka ya buga ya ji a toshe. Shi ya sa ake raba layukan rukuni-rukuni. Na talla daban. Na bashi daban. Na karɓar kira kuma ba a taɓa shi. Na'urar ofis ce ke tura kowane kira zuwa rukuninsa.

Mu 'yan Gaya, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Leƙa aljihun ɗan kasuwarmu. Layin Nijar don Dosso da Yamai. Layin Benin don Malanville, tsallaken kogi. Layin Najeriya don Kamba. Kowane abokin ciniki ya san lambar da zai gani, kuma kuɗin kira ya sauƙaƙa.

Abin da ke damuna, masu sauraro, shi ne kamfanin da ke da layi barkatai na kiranka, amma in kai ka neme shi, shiru.

Sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.